Ranar da Basiru Ya Kawo Teku Bayan Yashe

Kai Anas, janye mani wayar nan daga fuska tun ban ƙwace ta na jefa a randa ba. Wa ya koya maka tambayar babba yana cin goro? Wai ko na taɓa ganin wannan wasan. Ni? Ni Zinariya za ka nuna wa 'yan tsana masu manyan kai suna tsalle a bakin ruwa? Tun uwarku tana amarya na san shi, kuma ban san shi da alheri ba. Salma, gyara zama, kin danne mani ƙafa. Ke kuma Zahra, in gyaɗar za ki ci ki ci, ki daina watsa mani ɓawo a tabarma. Tunda kun tono sai ku ji, amma duk wanda ya katse ni, nan zan tsaya.

Babanku Basiru ne ya jawo. Ba wani Basiru ba, wannan dai da kuke durƙusa wa yanzu da furfura a gemu, ɗan ƙanen kakanku, wanda na goya a bayan nan nawa. Lokacin saurayi ne, ba noman kirki, ba tsayayyar sana'a, sai baki. In ka ce ka je Katsina, shi ya je Legas. In ka ce ka ga kada, shi ya taɓa hawanshi. Iyakar tafiyarshi kuwa Kankiya, ita ma sai ranar kasuwa, in ya ari babur ya kai ni da daddawata.

Wata ranar kasuwa na sayar da daddawa tas, na zauna jiran shi har inuwa ta juya. Da na gaji na bi tambaya, aka nuna mani wani shago a bayan tasha, janareta na ta ihu a ƙofa. Na ɗaga labule. Samari cunkus, warin gumi kamar ya kayar da ni, kowa ya zuba ido a talabijin. Ga Basiru a tsakiya, baki a sake, ƙuda na shiga yana fita.

Ni ma na duba, don ban saba tsine wa abin da ban gani ba. Ruwa ne shuɗi shar, da yashi fari fat, da itatuwan kwakwa, da manyan lemomi masu launi an kafa, da kujeru na kwanciya ba kowa a kai. A kan yashin an jera wasu da'irori ja da shuɗi kamar an shanya fayafai. 'Yan tsanan nan sai su buga wani abu mai ɗigo-ɗigo irin ɗan ludo, abin da ya nuna su yi tsalle daidai hakan. Can tsakiyar ruwa wani ɗan tsibiri, tauraro na ƙyalli a kanshi. Wanda ya riga kaiwa ya ɗauka, sai kiɗa ya tashi, samarin su yi ihu kamar an yi masu haihuwa.

Na ce, "Basiru, saboda wannan ka shanya ni a rana?"

Ya ce, "Inna, wannan bakin teku ne, wurin hutawar manya. Na san wurin sarai, na taɓa kwana can."

"Yaushe?"

"Ba ki gida lokacin."

"Ni da ban taɓa kwana waje ba tun da aka kawo ni gidan nan? Wuce ka tada babur, ja'iri."

To a shekarar, Sarkin Samarin unguwarmu ya koma Kano da zama, hula ta rasa kai. Kada ku raina wannan sarauta. Shi ke kiran gayya, shi ke gaba in an fita gyaran hanya, in ana wasa shi ake shimfiɗa wa tabarma, 'yan mata su sa sunanshi a waƙa. Mai unguwa Ummaru ya ce in an gama kaka zai ɗora hular a kan ɗaya cikin biyu, ko Basiru ko Ɗalha mai shayi. Ɗalha taubashin Basiru ne, dogo, siriri, harshe kamar aska. Basiru kuwa ya sa abin nan a ranshi har tuwo ya daina shiga. Na sha kama shi a bayan rumbu yana gwada tafiyar sarauta, kaji na kallo.

Sai ga shi wata rana a zauren mai unguwa. Ina cikin gidan, na kai wa uwargida daddawa, ƙofa a buɗe, duk ina ji.

"Ranka ya daɗe, don me za ka wahal da kanka da zaɓe? Mutanen bakin teku ba haka suke yi ba. Wasa suke shiryawa, wanda ya ɗauko tauraro shi ne shugaba."

Mai unguwa ya ce, "Ina muka ga teku a nan, Basiru?"

"Ni zan kawo shi."

Ɗalha yana gefe ya ce, "A jarka za ka ɗebo, ko a aljihu?"

"Kai dai tsaya ga butar shayinka. Mutumin da bai taɓa wuce Kusada ba ina ya san teku?"

"Na wuce mana. Ranar da babur ya watsar da kai a hanyar Boko, wa ya je ya kwaso ka?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Ku tsaya. Ba dai caca ba ce ko?"

"Haba, ranka ya daɗe. Ba abin da ake zubawa. Tafiya ce kawai da tsalle."

Mai unguwa mutum ne mai son dariya, kuma dama ba ya so ya ɓata wa ko ɗayansu. Ya yarda. Basiru bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka kira liman da dattawa. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ku zama shaida. Duk wanda ya kawo tauraron nan gaban mai unguwa, ko wane ne, ko ɗan gidan wa ne, shi ke da hula. Kuma ba a sakewa. Kada in ci wani ya zo yana kuka." Dattawa suka ce sun shaida. Ɗalha ya ce shi ma ya ji, Allah ya kai mu.

Kun san kududdufin bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini? To shi ne tekun. Ruwan kore, kwaɗi sun yi gari a ciki, agwagina na wanka. Basiru ya tsaya a baki ya riƙe ƙugu, ya ce komai ya yi, launi kawai ya rage. Ya je Kankiya ya kwaso bula ta wanki, ya juye a gefen da agwagi ke shiga. Teku bai canza ba. Agwagina ne suka dawo gida da yamma shuɗaye, zakara ya gan su ya haye katanga bai sauko ba sai washegari.

Na tare shi a zaure. "Wa ya rina mani agwagi?"

"Inna, tsuntsayen bakin teku haka suke."

"To zo kai ma in rina maka baya da muciya."

Ya arce.

Sai maganar yashi. Ya ari jakin Ɗanmaliki mai shela, ya yi ta jigila daga rafi, ya baza a bakin kududdufi. Yashinmu kun san shi, ja ne. Ɗalha ya zo wucewa da butarshi ya tsaya.

"Taubashi, wannan bakin tekun ne ko filin sussuka?"

"Ba a gama ba."

"Na talabijin fari ne, in ji yara. Ko naka tekun ciwon ido yake?"

Abin ya ci Basiru. Ya bi gidaje ya tara toka ya barbaɗa. Iska ta taso ta kwashe ta zuba a shanyar matar liman. Aka yi sallama da shi da tsintsiya. Ya zauna ya yi tunani, kuma duk ranar da Basiru ya yi tunani sai wani ya yi asara. Wannan karon ni ce. Buhun dusata da nake tarawa awakina, cike har baki, na shiga ɗaki na tarar da wurin wayam. Bai ishe shi ba, ya bi gida-gida yana cewa mai unguwa ne ya ce a taimaka da dusa. Ya baje ta a kan yashin nan kaf. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ta yi fari. Daga nesa sai ka ce na talabijin ɗin.

Na je har wurin. "Basiru, dusar awakina ce wannan?"

"Aro ne, Inna. In na hau sarauta, samari za su daka maki wadda ta fi ta."

"Su awakin ka faɗa masu?"

"Awaki suna turke, me suka sani?"

Na juya na yi gida. Ba na jayayya da mutum a kan abin da zai gani da idonshi.

Ku 'ya'yan yanzu ba ku san komai ba, bari in faɗa maku. Daga ranar da shuka ta fito, duk akuya da tunkiya a unguwar nan a turke take. Ba mai sakinsu sai an kwashe amfanin gona, mai unguwa ya ba da izini, Ɗanmaliki ya buga gangar shela. Gangar nan muryarta daban ce, kuma a ƙarshen kaka bugunta ma'ana ɗaya gare shi. Matan aure suna cikin gida, ba su ganin waje, kunne kawai suke kasawa. Da sun ji ta, ba tambaya, sai kwance igiya. A shekarar kowa ya gama girbi, kowa ya ƙagu, mai unguwa ne kawai ke jan ƙafa don wakenshi bai gama bushewa a gona ba. Awaki sun rame, sun ci igiya sun fara cin turke. In ka wuce da tsintsiya sai su bi ta da kallo.

Basiru ya ci gaba da gini. Itatuwan kwakwa, ya kafa dogayen gora, ya ɗaura damman harawa a sama, ya rataya kabewa a madadin 'ya'ya. Da'irori, ya aro fayafan mata, wasu ya tsoma a sauran bula, wasu ya shafa masu jan ƙasa, ya jera su suna zagaye har bakin ruwa. A tsakiyar kududdufi akwai wani tudu da masu haƙa suka bari, ya ce shi ne tsibiri. Ya jera azara daga baki zuwa can, gada ke nan. A kan tudun ya kafa kwakwar da ta fi kowace harawa, ya yanka murfin gwangwani ya yi tauraro, ya sa mashi igiya kamar laya, ya rataya. Jirgin ruwa kuwa rabin duro ne, wanda uwarku ke jiƙa wanki a ciki. Kujerar mai unguwa, ya ɗauki sauran dusar da ta rage a buhuna ya rufe da darduma, ya kafa lemata a kai. Lemar ma bai tambaya ba.

Ranar wasa, ana idar da azahar, wuri ya cika. Mutanen Yashe sun zo, na Boko sun zo, har wasu daga Sukuntuni a kan keke, wai a ga teku. Ni ma na kai ƙuli-ƙuli, tunda ba a tara jama'a haka in zauna a gida. Mai unguwa ya zauna a kan darduma yana cewa kujerar da laushi. Aka miƙa mashi kunun zaƙi a ƙoƙo da sillen kara a ciki, wai da shi manya ke zuƙa. Ɗanmaliki na tsaye a bayanshi da gangar shela a rataye, don duk inda mai unguwa ya je da ita yake bin shi.

Sai ga Basiru. Wayyo ni Zinariya. Gajeren wando, ƙafafu kamar na zalɓe, baƙin tabarau, da wata riga mai furanni da na gane tun daga nesa, tsohon labulen ɗakina ne. Mata tsofaffi suka yi salati. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ɗalha ya ce, "Taubashi, sauran wandon yana wurin tela ne?"

"Jahilci. Kayan teku ke nan."

"To Allah ya sa kada mu ga na kogi."

Aka kawo ɗan ludon. Basiru ya ce na talabijin ya kai girman mutum, don haka ya yi shi da tubali, ya ɗiɗɗiga mashi gawayi. Ya ɗaga sama, ya yi kabbara, ya jefa. Abu ya tarwatse. Kowa ya samu rabonshi a ido.

Wani daga baya ya ce, "Nawa ya nuna?"

Ɗalha ya ce, "Ya nuna duka."

Basiru ya ce dama gwaji ne. Ya ruga gida ya dawo da gindin tsohon turmi da ya sassaƙe. Wannan bai fashe ba. Da Ɗalha ya jefa shi, ya gangara ya bugi gorar kwakwa, kabewa ta sako ta sauka a kan Ɗanmaliki, tim. Bawan Allah ya zauna a ƙasa yana tambayar wa ya kira shi.

Basiru ya ce, "Kun gani? A teku ma haka kwakwa ke yi."

Aka fara. Ɗalha ya yi tsalle ya sauka a kan jan faifai. Basiru ya ce, "Ja! Koma baya." Ɗalha ya koma. Basiru ya jefa, ya yi tsalle, shi ma ya sauka a kan ja.

Jama'a suka ce, "Baya! Baya!"

"A'a. Wannan jan daban ne. Wannan na gaba ne."

Ɗalha ya ce, "Da me ka gane?"

"Ya fi wancan ja."

"Ranka ya daɗe, kana ji fa."

Mai unguwa yana fama da sillen kara, kunu ya ƙi hawa. Ya ce, "Ni ban taɓa zuwa teku ba, Ɗalha. Ku ci gaba."

Haka aka yi ta yi. In Ɗalha ya sauka a shuɗi, shuɗin na hutawa ne, ya tsaya. In Basiru ya sauka a shuɗi, na ƙari ne, ya sake jefawa. Duk da haka Ɗalha da dogayen ƙafafunshi ya riga shi kusantar gada. Da Basiru ya ga haka, sai ya duba faifan da yake kai ya buga tsalle.

"Allahu akbar! Faifan jirgi! Wanda ya taka wannan ba ruwanshi da gada, jirgi zai hau kai tsaye."

"Tun ɗazu na taka shi," in ji Ɗalha.

"Lokacin jirgin bai iso ba."

Aka jawo rabin duro bakin ruwa. Basiru ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Ya ce a talabijin ba a shiga jirgi shiru, sai da kiɗa. Ya juya. "Ɗanmaliki, buga mani."

Ɗanmaliki yana dafe da kai ya ce, "Wace? Wannan? Kai yaro, ka san ko wace ganga ce?"

"Ganga ganga ce. Buga."

"Ba na bugawa sai mai unguwa ya ce."

"Gobe war haka ni ke ba ka umarni. Kawo nan."

Kafin tsohon ya ankara, Basiru ya zare gangar daga kafaɗarshi. Mai unguwa ya buɗe baki zai hana, daidai lokacin kunun da ya ƙi hawa tun ɗazu ya hau gaba ɗaya, ya shaƙe shi. Yana tari yana ɗaga hannu, Basiru ya ɗauka jinjina ce. Ya dage ya narka wa gangar nan duka, ya ƙara, ya ƙara, har da juyi. Ya jefar da ita, ya faɗa duro, ya tura da gora.

Mu tsofaffi muka dubi juna. Wata a gefena ta fara tattara kayan tallanta. Ni ma na rufe ƙuli-ƙulina na zauna a kai.

Duro ya ɗan tafi, sai ya fara juyawa a wuri ɗaya. Basiru ya tura ta dama, ya juya. Ya tura ta hagu, ya juya. In ya fuskanto mu ya ɗaga hannu, in ya ba mu baya ya zagi gora. Yana cikin haka muka ji ƙasa na rawa.

Ku ba ku taɓa ganin awakin unguwa guda sun fito daga turke lokaci ɗaya ba. Ta kowane lungu suka ɓullo, awaki, tumaki, raguna, 'yan ƙanana na bin iyaye, wasu da guntun igiya a wuya. Da ma sukan watsu ne cikin gonaki. Amma ranar iska na kaɗowa daga kududdufi, ga dusa shimfiɗe fili guda, ga harawa a sama kamar an yi masu walima. Ba wadda ta dubi gona. Duk suka yo teku.

Jama'a suka dare. Masu keke suka hau keke, wanda bai samu nashi ba ya hau na wani. Awaki suka hau yashi suna lasa, fari na komawa ja a gaban idonmu. Tumaki suka kama fayafai, ja da shuɗi ba su bambanta ba. Raguna suka sa kai a gindin gora, kwakwa ta fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kabewa na fashewa. Ɗalha yana tsaye a kan faifanshi da ƙafa ɗaya, wata akuya na ja ta ƙasa.

Ya ɗaga murya, "Taubashi! Wannan wace doka ce? Gaba zan yi ko baya?"

Basiru daga cikin duro yana ihu, "Ku kore su! Ku kore su! Ba su cikin wasa!"

A gaban rundunar nan akwai bunsuruna. Wani baƙi ne mai gemu, mai wari, ƙahoni kamar lauje, uwarku ce ta kwance shi da hannunta da ta ji ganga. Shi bai tsaya lasar dusa da talakawa ba. Ya hango harawar tsibiri, ya hau azarar nan, ƙwas ƙwas ƙwas, ko tangaɗi bai yi ba. Ya wuce Basiru yana juyi. Ya isa tudu, ya miƙe da ƙafafun baya ya fizgo dami. Igiyar tauraro ta zame ta faɗa mashi a ƙaho.

Basiru ya miƙe tsaye cikin duro. "Kai! Ajiye! Ba naka ba ne!"

Ba a miƙewa tsaye a cikin rabin duro. Ƙafafu muka gani a sama, sai tabarau na yawo a kan ruwa. Da ya ɗago, taɓo har ido, gansakuka a ka, kwaɗo na sauka daga kafaɗarshi. Ruwan iya ƙugu ne, amma ƙasar gini ta riƙe shi gam.

Bunsuru ya gama da harawa ya dawo ta gadar, tauraro na lilo a goshi. A bakin ruwa dusa ta ƙare, sai wuri ɗaya da hancinshi ya nuna mashi. Ya nufi mai unguwa kai tsaye. Mai unguwa ya ce "kai", bunsuru bai ji ba. Ya sa ƙaho ƙarƙashin darduma ya ɗaga. Mai unguwa ya tafi ta baya, lema ta rufe shi. Da aka ɗaga lemar, ga shi zaune a ƙasa, rawani a warware, dusa a gemu, hannunshi riƙe da ƙahon bunsuru, tauraro na taɓa mashi hanci.

Ba wanda ya yi dariya, sai da liman ya yi gyaran murya ya ce, "To. Mu dai an sa mu shaida."

Nan wuri ya fashe.

Basiru daga cikin taɓo ya ce, "Ranka ya daɗe, dabba ce fa!"

Ɗalha ya ce, "Ko wane ne, ka ce."

"Mutum nake nufi!"

"Ko ɗan gidan wa ne, ka ce."

"To a sake!"

Dattawa suka haɗa baki, "Ba a sakewa."

Mai unguwa ya kakkaɓe gemu. Ya ce, "Bunsurun wa ne wannan?"

Na miƙe na gyara mayafi. Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Tarbiyyata ce."

"To Inna Zinariya, hula ta faɗo gidanki. Sai dai sarkin naki ba ya magana, kuma ba zai iya kiran gayya ba. Ki naɗa mashi wakili, ni kuma in ɗora hula."

Basiru ya ji haka sai murya ta canza. "Inna! Innata! Ni ne fa Basirunki. Ke kika goya ni."

"Na goya ka."

"Gida ɗaya muke da sarkin nan. Wa ya fi ni saninshi?"

"Shi ma ya san ka. Kai ka kwashe mashi abinci."

"Inna, kada ki ba bare."

Na ce, "Ba ni da bare a nan. Amma wakilin sarki aiki gare shi, kuma ga na farko can." Na nuna da baki. Talakawan sarki sun gama da teku, sun yi layi sun nufi gonar waken mai unguwa.

Mai unguwa ya yi wata ƙara da ban taɓa jin dattijo ya yi ba. Kafin ya rufe baki Ɗalha ya sa yatsu ya yi fito, ya kira samari da sunayensu, wasu ta gabas, wasu ta bakin rafi, ya zari gorar kwakwa ya yi gaba. Duk suka bi shi, ba wanda ya waiwayi kududdufi. Basiru ma ya yi ihu, "Samari, ku zo ku ciro ni tukuna!" Ko yaro bai juyo ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga wanda suka bi can. Ba shi hular."

Da suka dawo, rabin waken ya tsira, aka ɗora wa Ɗalha hula a nan bakin ruwa, bunsuru na gefe yana tuƙa. Sai aka tuna da Basiru. Aka miƙa mashi gora aka ja, aka ja, ya fito fit. Sai ya koma da gudu ya tsuguna. Shi ya fito, kayan tekun ne ba su fito ba, taɓo ya riƙe.

"Inna, a taimaka mani da zane."

Na ce zanena ba ya shiga teku. Na ɗauki buhun dusar nan da ya zama wayam na jefa mashi. Ya huda gindin ya zura. Haka ya ratsa unguwa da la'asar sakaliya, mutanen Boko da Sukuntuni na kallo, awaki na bin shi a baya suna cizgar buhu, shi kuma yana riƙe da shi da hannu biyu. Ya zo daidai teburin Ɗalha, sabon wakilin sarki ya ɗaga hula ya ce a zauna a sha shayi. Basiru bai tsaya ba. Ya ɗaga kai sama ya ce, "A bakin teku, haka manya ke komawa masauki, da rakiya."

Ke Zahra, rufe bakin nan kada ki shaƙe. Kuma ku ji da kyau, gobe in kun je gaishe shi, kada in ji wani ya yi kukan akuya. In kuma ya zama dole, ku bari sai kun fito zaure. Ku tashi haka nan, an yi isha'i tun ɗazu. Anas, kai fitsari kafin ka hau mani katifa. Salma, naɗe tabarmar. Kowa ya wuce ya kwanta.